Daga Akwatin Zaɓe Zuwa Iyakar Jibiya

Kowace unguwa tana da majalisarta, benci a gaban teburin mai shayi ko tabarma a gindin dalbejiya bayan la'asar, inda ake baje siyasar duniya a faifai. Masu raina wannan zama suna kiransa zaman kashe wando, kuma ba su yi masa adalci ba. Aibin da nake gani a majalisa daban ne: tana raba abu biyu da ba sa rabuwa, wato ƙuri'ar da aka kaɗa da yadda ƙasa ke zama da maƙwabtanta. Abin da ya faru a 2023 ya isa hujja.

A zaɓen 25 ga Fabrairu, hukumar INEC ta ba Bola Tinubu ƙuri'u miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kuma kusan miliyan ɗaya da rabi. Daga nan gardama ta tsaya a kan maguɗi, aka yi ta jan ta har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Oktoba. Ƙorafin yana da tushe, domin shafin IReV na INEC bai nuna sakamakon rumfuna a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari. Amma hujjar da aka fi kafawa a majalisa, wai "kaf layinmu babu wanda ya zaɓi Tinubu", ba ta da ƙafa. Bakano da ya ga jiharsa ta ba Kwankwaso kusan ƙuri'a miliyan ɗaya zai ɗauka haka ƙasar take, alhali rumfunan zaɓe sun haura 176,000, kuma layin kowa ba Najeriya ba ne. Abin da ba a taɓa jin an yi musu a kansa ba, kafin zaɓe ko bayansa, shi ne yadda kowane ɗan takara zai yi da Nijar ko Chadi in rikici ya taso.

Wata biyar kawai aka yi tambayar ta zo da kanta. A farkon Yuli aka zaɓi Tinubu shugaban ECOWAS, ranar 26 ga watan sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar suka zauna a Abuja suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, don haka 'yan kasuwar Illela da Jibiya da Maigatari, da dangin da rabinsu ke Katsina rabi a Maraɗi, su suka fara ji a jikinsu. Mutumin da ya ce siyasar waje ta masu kwat ce, sai ga ta ta shigo masa tukunya.

Wani zai ce to me amfanin musun, tunda muryar talaka ba ta kaiwa fadar Aso Rock? Sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya ɗora tura sojoji yaƙi a wajen ƙasa bisa amincewar Majalisar Dattawa, kuma a farkon Agusta sanatoci, musamman na Arewa, suka nuna ba sa goyon bayan yaƙi. Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya ga Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi baya. Ba zan ce hayaniyar jama'a kaɗai ta hana yaƙin ba, akwai lissafin kuɗi da na tsaro. Sai dai sanata ya san waɗanda zai koma wa neman ƙuri'a, kuma ya ji abin da ake faɗa a masallatai da kasuwanni.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: majalisa cike take da ji-ta-ji-ta, ana karɓar saƙon murya na WhatsApp kamar aya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata a riƙa tambayar wa ya faɗa, yaushe, kuma me zai samu. Su kansu masu mulki sun san darajar wannan zama. A Disamban 2024 da Tchiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula ƙasarsa, da Hausa ya yi maganar, kuma da Hausa Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya musanta a BBC. Dukansu biyu masu zama a bencin mai shayi suke neman shawo kansu. Wata guda bayan haka, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata.