Muhasaba: Binciken Kai da Yaƙi da Son Zuciya

Muhasaba ita ce mutum ya zaunar da kansa ya bi diddigin abin da ya aikata da abin da ya faɗa, sannan ya tono dalilin da ya sa ya yi hakan, ba tare da ya nemo wa kansa uzuri ba. Malaman Musulunci sun sanya ta cikin ilimin gyaran zuciya, wanda wasu ke kira tasawwufi, wasu tazkiyya, wasu kuma ihsani. Abin da ake nema shi ne a gano cututtukan da ke ɓoye a zuciya, irin su girman kai da jiji da kai da riya da hassada da son girma, a yi maganinsu tun ba su cinye ladan ibada ba.

Abokin faɗa a wannan fage shi ne nafsu, wato ran mutum ta fuskar kwaɗayinsa da son a fifita shi. Alƙur'ani ya ambaci rai da siffofi uku: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri. Malamai suka ɗauki waɗannan a matsayin matakan da bawa ke takawa. Muhasaba tana raya mataki na biyu ne, domin ran da bai iya zargin kansa ba babu yadda za a yi ya kai ga natsuwa.

Daga cikin waɗanda suka fara tsara wannan ilimi a rubuce akwai Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 857. Littafinsa Ar-Ri'aya ya yi dogon bayani kan riya da girman kai da yadda mutum ke ruɗin kansa. Bayansa sai Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, kuma labarinsa ya fi kowane bayani nuna ma'anar abin. Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 na gabansa, sarakuna na girmama shi, sai ya binciki niyyarsa ya tarar ba don Allah tsantsa yake karantarwa ba, suna da ɗaukaka yake nema. Damuwar ta kai harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. A 1095 ya bar muƙamin, ya nufi Sham da Ƙudus da Makka, ya yi kimanin shekara goma a keɓe. A wannan tsakani ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, wanda ya ware rubu'insa guda ga halaye masu halakarwa, wani rubu'in ga masu tsiratarwa.

A ƙasar Hausa wannan darasi yana cikin karatun farko. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a Tsafe ko Bungudu ko Gusau ya riƙe Ahalari, ɗan littafin fiƙihun da Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya ya wallafa a ƙarni na 16. Littafin bai fara da alwala ba. Ya fara da gyaran imani da sharuɗɗan tuba da kiyaye harshe, ya jero haramcin ƙarya da giba da annamimanci da girman kai da riya da hassada da ganin fifiko a kan wani, sannan ya shiga tsarki da salla. Ɗalibai da yawa sukan bi ta kan waɗannan shafuka da sauri don su isa ƙabli da ba'adi, alhali mawallafin da gangan ya sa su a gaba.

Yankin ma tsohuwar matattarar malamai ce. Birnin 'Yandoto, da ke cikin ƙasar Tsafe, ya shahara da karatu tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma har yau sarautar garin Tsafe sunanta 'Yandoto. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Shehun da kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780. A littattafansa ya raba ilimin addini gida uku: tauhidi da fiƙihu da tasawwufi. Tasawwufin kuma ya kasa shi biyu. Akwai na gyaran hali, wanda ya ce ya hau kan kowane Musulmi, akwai kuma na zurfafan sirrori, wanda ya keɓanta ga waɗanda suka kai wannan matsayi. Ke nan a wurin Shehu, sanin yadda hassada ke shiga zuciya da yadda ake fitar da ita wajibi ne a kan manomi da maƙeri da matar gida, kamar yadda sanin abin da ke warware alwala yake wajibi a kansu. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa idan Shehu zai fita wa'azi yakan ɗan tsaya kafin ya isa ga jama'a. Da aka tambaye shi dalili, ya bayyana cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi cikin abin da zai faɗa.

Misali mafi ƙarfi a tarihin wannan ƙasa shi ne na ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu. A shekara ta huɗu bayan hijirar Shehu zuwa Gudu, wajen 1807, rundunar jihadi tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya duba jama'ar da ta rage bayan mutuwar manyan abokan tafiya a yaƙe-yaƙen farko. Ya ga da yawa sun koma neman sarauta da dukiya da dawaki da manyan riguna, abubuwan da aka fito don a yaƙa. A Tazyinul Waraƙati, inda ya ba da labarin, bai ware kansa daga zargin ba. Ya bar rundunar da 'yan mutane kaɗan da nufin zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano mutanen gari suka riƙe shi, ya shaida musu cewa abin da ya guje wa shi ya tarar a wurinsu. Suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su yi hukunci da shi, ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri, sannan ya koma gida.

Jarrabawar da ta fi wannan nauyi ta zo masa bayan rasuwar Shehu a 1817. An naɗa Bello Sarkin Musulmi, alhali Abdullahi baffansa ne, malaminsa ne, kuma shi ne wazirin Shehu. Zumunci ya yi sanyi tsakanin Gwandu da Sakkwato na 'yan shekaru. Wajen 1820, da tawayen Kalambaina ya matsa wa Gwandu, Bello ya kawo ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan nasara Bello ya yi yunƙurin sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi, ya yi masa mubaya'a. Ganin lalacewar jama'a da ya yi a 1807 yana buƙatar basira da jarunta. Abin da ya yi a Kalambaina kuwa ya fi wuya, domin a nan da kansa yake faɗa, kuma yana da hujjojin da zai iya kafawa idan ya so ya ci gaba da riƙo.

Yadda ake yin muhasaba a aikace, Gazali ya tsara shi mataki shida, ya kwatanta shi da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Kowane mai sayen hatsi a kasuwar Tsafe ya san tsarin: da safe ya danƙa wa yaronsa kuɗi da sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da yamma a zauna a yi lissafi, a ware uwar kuɗi, a ga riba ko faɗuwa. Farillai su ne uwar kuɗi, nafilfili riba, saɓo kuwa faɗuwa. Bayan sallar asuba mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi kan harshe da ido da ciki da hannu. Cikin yini ya riƙa lura da kansa, kafin kowane aiki ya tambayi zuciyarsa don wa zai yi. Kafin barci ya yi lissafi filla-filla. Inda ya sami gazawa ya hukunta ransa da abin da shari'a ta yarda da shi, kamar azumin nafila ko sadaka ko hana shi wani abin marmari. Inda ya ga kasala ya tilasta masa aikin da yake gudu. Na shida shi ne ya riƙa yi masa faɗa da tunatarwa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan yi wa kansa irin wannan tuhuma da dare, kuma yakan kwaɗaitar da mutane su yi wa kansu hisabi tun suna duniya.

Matsalar ita ce mai bincike da wanda ake bincika duk mutum ɗaya ne, shi ya sa Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Don haka malamai suka ce mutum ya nemi ido daga waje. Gazali ya ambaci hanyoyi huɗu: malami masanin cututtukan zuciya, aboki mai gaskiya da ba ya kara, abin da maƙiya ke faɗa, da kuma mutum ya tuhumi kansa da duk aibin da ya gani ga wasu. Ta uku ita ce mafi ɗaci kuma sau da yawa mafi amfani, don maƙiyi ba ya ɓoye aibi kamar yadda masoyi ke yi. Mai kuɗi da mai mulki da babban malami su suka fi kowa rasa waɗannan hanyoyi, saboda waɗanda ke kewaye da su ba sa iya cewa komai sai ranka ya daɗe da Allah gafarta malam.

Nafsu ta fi haɗari idan ta shiga rigar addini. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen yaƙi da malami makaranci da mai yawan kyauta, dukkansu saboda sun yi ne don a yabe su. Wani hadisin ya fassara girman kai da ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. Wannan ma'auni ya shafi kowane ɓangare. 'Yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna da tarbiyya ƙarƙashin shehi da wuridi da wazifa. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi inkarin abubuwa da dama na ɗariƙu, amma tana karantar da ikhlasi da tsoron riya daga Alƙur'ani da hadisi da littattafan Ibnul Ƙayyim. Babu ɓangaren da ya halatta hassada ko jiji da kai. Duk da haka muridi na iya raina wanda bai shiga tarbiyya ba, mai da'awar sunna na iya jin daɗin kunyata abokin muhawara fiye da jin daɗin bayyanar gaskiya, kowannensu yana zaton addini yake karewa.

Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka kafa hukumomi irin su Hisba da ta zakka. Alƙali da ɗan Hisba da zahiri suke aiki, kuma haka shari'a ta tsara musu. Babu kotun da za ta gurfanar da mutum don ya ji zafin arzikin maƙwabcinsa, ko don ya tsawaita sujada saboda ana kallonsa. Wannan sashe an bar wa kowa ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Zamani kuma ya ƙara masa nauyi, tunda yanzu ana ɗora hoton rabon kayan azumi da na Umara a Facebook da TikTok. Bayyana alheri ba haramun ba ne, yakan ma zama abin koyi, amma mai yi shi kaɗai ya san ko zai yi kyautar idan babu mai ɗaukar hoto.

Muhasaba tana da iyaka, wuce ta kuma cuta ce. Wanda ya mayar da binciken kai waswasi, yana maimaita alwala da niyya, ko yana ganin Allah ba zai gafarta masa ba, ya fita daga manufa, domin malamai sun haɗa tsoro da fata ne tare. An ruwaito daga Fulailu ɗan Iyali cewa barin aikin alheri saboda mutane shi ma riya ne, don haka ba a daina limanci ko karantarwa don gudun yabo, niyya ake gyarawa. Haka nan ba a amfani da ita a ɗora wa wanda aka zalunta laifi. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a ƙauyukan Tsafe ba shi ne abin tuhuma ba, kuma yana da haƙƙin neman adalci. Inda binciken zuciya ya shigo a irin wannan hali shi ne wajen hana baƙin ciki ya zama ƙin ƙabila gaba ɗaya, ko ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da lissafi ya bankaɗo, tuba ce ke share shi, kuma sharuɗɗanta sanannu ne: nadama, da barin laifin nan take, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan laifin ya shafi wani mutum sai an ƙara da mayar da haƙƙi. Wanda ya tauye mudu, ko ya ci iyakar gona, ko ya danne gadon 'yan'uwa mata da marayu, ko ya riƙe bashi yana da halin biya, istigfari kaɗai bai isar masa ba, haka ma saƙon neman yafiya na gama-gari da ake turawa ta waya gabanin azumi ko tafiya Hajji. Dole dukiyar ta koma ga mai ita. Idan ya rasu a ba magadansa, idan an neme su an rasa a yi sadaka da ita da sunansa. Game da giba malamai sun saɓa. Wasu sun ce sai an je an nemi afuwar wanda aka ci namansa. Wasu sun ce idan maganar ba ta kai kunnensa ba, kuma sanar da shi zai haifar da gaba, ya isa a nema masa gafara, a kuma ambace shi da alheri a wuraren da aka ɓata shi.