Tsibirin Brownsea, Mahaifar Sikawut: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk ɗan sikawut da ke ɗaura ƙyalle a wuya, daga Kano har Yamai, asalinsa na komawa ne ga wani ɗan tsibiri a kudancin Ingila mai suna Brownsea, kusa da garin Poole. A can ne wani hafsan sojan Birtaniya, Robert Baden-Powell, ya kafa tantuna ranar 1 ga Agusta 1907 da yara maza kimanin 20.

Da gangan ya gauraya su. Wasu 'ya'yan masu hali ne daga makarantu irin su Eton da Harrow, wasu kuma 'ya'yan talakawan Poole da Bournemouth, a zamanin da irin waɗannan yara ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Ya raba su rukuni huɗu, kowanne da shugaba daga cikinsu. Da asuba yakan tashe su da ƙahon da ya zo da shi daga kudancin Afirka, su wuni suna koyon bin sawu, girki, ƙulla igiya da ceton rai. Abin da ya gani cikin mako gudan nan ya shiga littafin da ya fitar a 1908, harkar ta bazu har ta iso Najeriya a 1915.

Amma wurin ya kusa salwanta. A 1927 wata attajira, Mary Bonham-Christie, ta sayi tsibirin, ta sallami mazaunansa, ta toshe ƙofa. Gobara ta cinye babban sashensa a 1934, daji ya rufe sauran. Da ta rasu a 1961 sai aka shiga fargabar masu gine-gine za su mamaye shi. Jama'ar yankin, da ƙungiyoyin sikawut maza da mata, da kamfanin John Lewis suka yi karo-karo, ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust ta karɓe shi a 1962. Olave, matar Baden-Powell, ita ta buɗe shi ga jama'a a 1963, aka kuma kafa dutsen tunawa a 1967.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a killace filin zangon an mayar da shi abin kallo kawai ba. Har gobe yara na kafa tanti suna kwana a wurin, kuma a nan aka yi taron fitowar rana na cikar harkar sikawut shekara 100 a 2007. Filin da ake amfani da shi ba ya rasa mai tsaya masa.

Mu ma muna da filayen da sikawut suka yi zango a tsofaffin makarantunmu. Tsofaffin ɗalibai, ku nemi dattawan da suka kwana a cikinsu, ku naɗi bayanansu, ku tattara hotuna, ku tsaya a shata iyakar filin tun kafin a yanka shi fuloti.