Tsofaffin Kuɗin Cikin Kumbo: Kada Ki Sayar Sai Kin San Abin da Kike Riƙe da Shi

 

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon wata baiwar Allah daga wajen Kwanar Ɗangora. Ta ce bayan rasuwar surukarta, da aka zo kwashe ɗaki, sai aka tarar da wani tsohon kumbo a ƙasan adudu, cike da kuɗin da: masu huji, da farare, da wani babba mai hoton mace. Ba a yi sati ba sai ga dillaliya ta shigo, wai wani mutum a bakin titi zai saye su duka a dunƙule, ya ba da abin da zai sayi kwanon shinkafa biyu. Shi ne take tambaya: a sayar ko a bari?

To, 'yar uwa, kafin a sayar da abu ai sai an san ko mene ne. Bari mu fara da sanin kuɗin.

Kakanninmu da wuri suka yi ciniki. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wannan dala ita ce liyari, wato babban nan mai hoton mace da kuka gani a kumbo. Matar sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, Mariya Tareza, kuma fatake ne suka riƙa ratso Sahara da shi. In kin juya bayansa za ki ga 1780. Kada wannan ya ruɗe ki. Shekarar da sarauniyar ta rasu ke nan, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga, a Biyana ne, ko Landan, ko Faris, ko Bombai, wannan shekarar ake sa masa. An buga miliyoyi ɗaruruwa. Saboda haka liyarin hannunki yana iya zama na zamanin Shehu, yana kuma iya zama sa'an babarki. Darajarsa tana cikin azurfarsa: nauyinsa giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce.

Sai kuɗin Turawa. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki wanda mai karatun allo za ta iya haɗa baƙinsa. Hujin don a zura su a zare ne. Anini goma ne kwabo, ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, sule biyu dala ko fataka, sule ashirin fam guda. Har yau muna cewa “ba ni da ko sisi”, “ko anini bai ba ni ba”, alhali yaranmu ba su taɓa ganinsu ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wanda layinsa ya bi ta nan Ɗangora, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, sai waɗannan kuɗi suka shiga ƙauyukanmu, wuri ya ja da baya.

Ga inda nake so ki kasa kunne. Sulalla masu hoton bishiyar kwakwar manja, da taro da sisi, waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce mai kyau, kashi 92 da rabi cikin ɗari. A 1920 azurfa ta yi tsada a duniya, sai aka rage ta, daga nan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Ke nan sule biyu masu zane iri ɗaya, na 1916 da na 1947, ba kuɗinsu ɗaya ba. Wanda ya ce zai saya a dunƙule ya san haka, ke ce yake fata ba ki sani ba.

A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da namu na kanmu masu sunan Sarauniya Elizabet, daga ciki har da taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, shi ya sa tsofaffi ke ce wa kwabo goma sule. A 1991 aka yi naira ɗaya ta ƙarfe, a 2007 aka yi naira biyu mai launi biyu. Waɗannan na baya-bayan nan suna da yawa ƙwarai, ba su da wani kuɗi a wurin masu tarawa, sai dai a ajiye wa jikoki don tarihi.

To su wa ke tarawa? Akwai mutane a duniya da sha'awarsu ke nan, kamar yadda wata ke tara kwalla da tasa tana jere. Abu uku suke dubawa.

Na farko, ƙarancinsa. Ba tsufa ne ke sa tsada ba, wuyar samu ce. Misali, akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila bai cika shekara ba. Labarin da daɗin ji, amma an buga su da yawa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Aninin farko kuwa na 1907 da alminiyon aka yi shi, irin ƙarfen tukwanen nan marasa nauyi, yana cikin kuɗin alminiyon na farko a duniya, kuma da yake yana saurin cinyewa, mai kyansa ba ya samuwa da sauƙi. Akwai kuma 'yan ƙananan haruffa, H ko KN, da ke nuna masana'antar da ta buga a birnin Bamingam. Wani lokaci harafin nan kaɗai ke raba mai araha da mai tsada.

Na biyu, lafiyarsa. Masu sana'ar suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, amma ke mataki huɗu sun ishe ki. Akwai wanda ya suɗe, da ƙyar ake ganin shekara. Akwai wanda rubutu ya fito amma gashin sarki da ganyen bishiya sun shafe. Akwai wanda komai ya fito sarai, sai ɗan gogewa a wuraren da suka yi tudu. Sannan akwai wanda bai taɓa yawo a hannu ba, yana nan da ƙyallinsa na asali. Tsakanin na farko da na ƙarshe farashi kan ninka sau da yawa.

Na uku, ko an taɓa shi. Liyarin da maƙeri ya huda ko ya liƙa wa kunne don a rataya a wuya, kuɗin azurfarsa yana nan, amma mai tarawa zai rage masa daraja. Nan ne kuma mu mata muke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mun saba in abu ya yi duhu mu ɗauko toka da lemon tsami, ko tsamiya, ko yashi, mu dirje shi sai ya yi wal. Don Allah kada ki yi wa tsohon kuɗi haka. Duhun nan da shekaru suka sa masa shi ne shaidarsa, dirza kuwa tana barin ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Ki riƙe shi ta gefe, ki naɗe kowanne a 'yar takardarsa daban, ki sa inda damina ba za ta same shi ba.

Yanzu ga abin da za ki yi kina cikin ɗakinki. Ki shimfiɗa farin ƙyalle, ki ware su iri-iri. Ki kira ɗanki ko ƙanwarki mai boko ta rubuta shekarar kowanne da adadinsa a littafi, a ɗauki hotonsu gaba da baya da waya. Ki gwada farare da maganaɗisu: azurfa ba ta kamawa, duk wanda ya manne ba ita ba ce. Amma rashin mannewa bai isa hujja ba, don tagulla ma ba ta kamawa, kuma kwabo mai huji fari ne amma babu azurfa a cikinsa. Sai maigida ko wani muharrami amintacce ya kai wa maƙerin azurfa ya auna a sikeli, ya kuma ji ta bakin mutum biyu ko uku a Kasuwar Kurmi kafin a yanke. Kada ki ba yaro ɗan talla ya kai bakin titi, kada kuma ki bar wa dillaliya ta tafi da su “a gani” ba tare da lissafi a rubuce ba.

Haka in ke ce mai sha'awar saya ki tara. Ki fara da masu araha, ki nemi kowane sarki guda guda, ki ce a auna miki duk liyarin da za ki saya, don akwai na jabu da ake zubawa da dalma.

Sai gargaɗi. Za ki ji ana cewa wai akwai anini mai jan shinkafa, ko mai wani sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi, amma sai kin fara ba da kuɗin gwaji ko na mota. Wannan damfara ce tsagwaronta. Mai saye na gaskiya shi ke biya, ba ya karɓa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ke kuma mai tambaya, akwai abin da ya fi farashi nauyi. Kumbon nan dukiyar mamaciya ce, haƙƙin magada ne, ko anini ɗaya ne a ciki. Ba naki ba ne, ba na maigida shi kaɗai ba ne. A ƙirga, a rubuta, a sanar da 'yan uwa, a sa malami ya raba yadda shari'a ta ce. In an raba, ki roƙi maigida ya bar ko sule ɗaya da kwabo mai huji a gidan. Ranar da jikarki ta tambaye ki mene ne sisi, sai ki buɗe kumbo ki ɗora mata a tafin hannu, ki ce da irin wannan kakar babanki ta yi cefane.

Nan za mu dakata. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bari.