Haƙƙin Mamaci Ba Ya Faɗuwa

A Meiganga, babban garin Mbéré a yankin Adamawa na Kamaru, inda Gbaya da Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya, rasuwa takan tara har waɗanda ba sa ga maciji. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai zuwa ya tsuguna ya ce "ya haƙuri", a shafa fatiha, ya tashi ya ba wani wuri. Ba a binciken halin mamaci kafin a zauna masa makoki. Wanka da sutura da sallah da kai shi makwanci farilla ce a wuyan jama'a, in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Amma akwai gawar da ake yi wa rowar wannan haƙƙi, wato ta ɗan daudu ko mai sauya jinsi da aka kashe. Kunya ta rufe bakin dangi, maƙwabta su kau da kai, shi kuwa mai kisan ya yi barcinsa da minshari.

Wannan shirun ne ya sa aka keɓe ranar 20 ga Nuwamba don tunawa da irin waɗannan mamata. Gwendolyn Ann Smith ce ta assasa ta a 1999, bayan kisan Rita Hester a Boston ta Amurka a 1998, kuma abin da ake yi bai wuce taruwa a kunna kyandir a karanto sunayen waɗanda aka kashe cikin shekarar ba. Mu ma ba mu rasa sunaye ba. A watan Yulin 2013 aka tsinci gawar Eric Ohena Lembembe, ɗan jarida mai kare waɗannan mutane, a gidansa a Yawunde da alamun azabtarwa. A watan Mayun 2021 kotu a Duwala ta ɗaure wasu masu sauya jinsi biyu, Shakiro da Patricia, shekara 5. Bayan an sake su kafin a saurari ƙarar da suka ɗaukaka, cikin Agusta wasu matasa suka fizgo su daga tasi suka yi musu dukan kawo wuƙa. A Kaolack ta Senegal kuwa, a Oktoban 2023, gawar wani da ake zargi da luwaɗi aka tono daga kabari aka ƙona.

Wani zai ce ai doka da addini sun haramta abin, don haka makoki ɗaure wa ɓarna gindi ne. Gaskiya ne sashe na 347-1 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 kan tarayyar jinsi ɗaya. To amma dokar alƙali ta ba wa hukunci, ba ta miƙa wa ɗan acaɓa gora ba, kuma ko kusa ba ta ambaci kisa ba. A ɓangaren addini, Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mai kwaikwayon mata da lalle a hannu da ƙafa, ya sa aka fitar da shi zuwa wani wuri mai suna Naƙi'u, da aka nemi izinin kashe shi sai ya hana, don mai sallah ne. Ko wanda aka zartar wa haddi ana yi masa sallar jana'iza. Ashe mai zuwa ta'aziyya bai sa hannu kan rayuwar mamaci ba, shaida kawai ya yi cewa an zubar da jinin ɗan Adam.

Masu cewa baƙon abu ne daga Turai su ma sun manta. Tun kaka da kakanni 'yan daudu suna tuya da sayar da abinci a tashoshi da kasuwannin Hausawa, ana yi musu ba'a, ana kuma cin tuwonsu. Kunna kyandir ne baƙo, ba zaman makoki ba, kuma babu wanda ya ce dole sai an yi irin na Boston.

Haɗarin shiru ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Garin da ya saba a kashe wani a ce "ai ɗan daudu ne" an rufe magana, gobe ƙazafi kaɗai ya isa a halaka ɗan kowa. Limamai da fastoci da masu unguwa, daga Meiganga har Garwa, su ne ke da bakin faɗa a ji: su sallaci gawar, su yi wa uwar mamaci gaisuwa, su kuma raka dangi wajen jandarma a shigar da ƙara.