Yadda ake haurawa gasar Firimiya ta Ingila

Ƙungiyoyi 24 ne ke fafatawa a gasar Championship, wadda ke bin Firimiya a daraja, kowacce da wasa 46 a kaka. Gurbi uku kacal ake nema. Ta ɗaya da ta biyu sukan haye kai tsaye, gurbi na uku kuwa sai an yi wasannin cike gurbi, a ƙarƙare a filin Wembley da ke Landan.

A nan ne ake yin kuka. A kakar 2024/25, Leeds da Burnley sun haye da maki 100 kowacce. Sheffield United ta zo ta uku da maki 90, Sunderland ta huɗu da 76, amma Sunderland ta doke ta da ci 2-1 a Wembley. Ratar maki 14 ta tashi a banza cikin yini guda. Wasu na ganin rashin adalci ne, sai dai tsarin ne ke hana ƙungiyoyin tsakiyar teburi sakin jiki tun kaka ba ta ƙare ba.

Hawan ma ba shi ne zama ba. Luton, Burnley da Sheffield United da suka hau a 2023, dukansu sun faɗo bayan kaka ɗaya.