Kwatar Bakin Ƙofa a Jos: Wa Doka Ta Ɗora Wa Alhakin Yashe Ta?

A birnin New York na Amurka, doka ta bai wa mai gida sa'o'i huɗu bayan dusar ƙanƙara ta daina zuba ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gininsa, ban da tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe. Tun shekarar 2003 kuma, idan wani ya zame ya karye a wurin, galibi mai ginin ake kai wa ƙara, ba hukumar birni ba.

Duk da sanyin Jos, dusar ba ta sauka can, sai dai ƙanƙarar da kan zo da ruwan farkon damina. Abin da ke taruwa a bakin ƙofa shi ne yashi da leda da robobin ruwa, su cushe kwata har ruwa ya rasa hanya. Mazauna Rikkos da Gangare sun san ƙarshen wannan labari: a watan Yulin 2012 mamakon ruwa ya cika madatsar Lamingo ta tumbatsa, mutane fiye da talatin suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Ba shara kaɗai ta jawo haka ba, gine-gine a kan hanyar ruwa ma sun taka rawa.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi gina magudanu da kula da su, da kwashe shara. Amma a cikin Jos, hukumomin jiha ne aka fi gani a aikin: PEPSA mai kula da tsaftar muhalli, da JMDB mai lura da tsarin gine-gine. Inda hannu ya yi yawa kuwa, kowa yakan sami wanda zai nuna da yatsa.

Sashen da jama'a ba su cika sani ba yana cikin ƙa'idojin tsafta da shara na 2009 waɗanda hukumar NESREA ta tarayya ke aiwatarwa. Sun wajabta wa wanda gini yake hannunsa ya tsaftace gefen hanya da magudanar da ke kewaye da shi a kowane lokaci, ba sai ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ba. Lafazin ya fi karkata ga mazauni da mai kula da wurin, ba mai takardar fili kaɗai ba.

Wannan ya shafi ma'aikacin da aka tura Jos ya kama haya a Rayfield, ya kuma shafi wanda ya gina gida a Tudun Wada ya kulle ya koma Abuja. Na farko ba zai ce wa dubagari ya je ya nemi mai gida ba. Na biyu kuwa, da yake babu ɗan haya, kulawar gidan tana wuyansa, ko da sau ɗaya yake leƙowa a shekara, lokacin Sallah ko Kirsimeti.