Mashaƙo da Asirin Dafinsa

Tun daga watan Disamba na 2022, sa'ad da annobar mashaƙo ta bayyana a Kano, har jihar ta zarce kowace jiha a Nijeriya yawan masu kamuwa, iyaye a birni da ƙauye, daga Fagge har Indabo ta ƙasar Wudil, ba su sake raina ciwon maƙogwaro ga yaro ba. Ita kuwa bakteriyar da ke haddasa shi, wadda Loeffler Bajamushe ya fara renonta a ɗakin bincike a 1884, sha'aninta akwai al'ajabi, domin wata takan zauna a maƙogwaro ba ta yi wata ɓarna ba, wata kuma, alhali kamanninsu ɗaya a madubin likita, sai ta fid da dafin da ke illata zuciya da jijiyoyi.

Sai a 1951 Victor Freeman ya gano a Amurka cewa wani bairos, wanda bakteriya kaɗai yake kamawa, in ya shiga marar dafin sai ta zama mai dafi. Daga bisani aka tabbatar ƙwayar gadon dafin a jikin bairos ɗin take, aro bakteriyar ta yi.

To, yadda alƙali ba ya hukunci da da'awa sai da bayyina, haka masana ba su yarda a tuhumi ƙwayar gado da zato ba, shi ya sa Stanley Falkow ya shimfiɗa sharuɗɗa a 1988: a sami ƙwayar gadon ga nau'in da ke cutarwa, a cire ta ko a gurgunta ta a ga sharrin ya ragu, sa'an nan a mayar da ita a ga ya dawo. A ganina sharaɗi na uku shi ne ruhin hujjar, gama mai cirewa yana iya ɓata wani abu dabam bai sani ba. Kayan aikin kuwa sun samu tun 1973, da Cohen da Boyer suka yanka DNA suka dasa shi cikin wata bakteriya, kana dabarar CRISPR ta zo a 2012 ta sauƙaƙa yankan.

Fa'idar ba ta tsaya ga ilmi ba. A farkon shekarun 1970 Pappenheimer da Uchida, a Jami'ar Harvard, suka sauya gadon bairos ɗin har suka sami dafi marar cutarwa, CRM197, wanda tubali ɗaya tak cikin 535 ya raba shi da na asali, kuma yau da shi ake haɗa waɗansu alluran rigakafin namoniya da sanƙarau. Haka nan in aka shafo maƙogwaron majiyyaci a Kano aka kai ɗakin binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Abuja, ba a wadatuwa da ganin bakteriyar, sai an bincika ko tana ɗauke da ƙwayar gadon dafin.